Inshorar lafiyar iyalan 'yan mazan jiya: inda katin yake aiki da inda yake tsayawa

Duk iyalin tsohon soja da ke zaune a Abuja ko kewayenta, wanda har yanzu bai yi rajistar inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ta tanadar wa sojoji da 'yan mazan jiya ba, shawarata gare shi ita ce ya yi, kuma kada ya bari sai ciwo ya kwantar da wani a gidan. Tsarin yana aiki, ya kuma sauke wa gidaje da dama nauyin da ɗan kuɗin fansho ba zai iya ɗauka ba. Sai dai wanda ya shiga da zaton cewa katin zai biya duk abin da likita ya rubuta zai gamu da abin da bai yi tsammani ba, musamman idan mai gidan ya dawo daga fagen daga da nakasa, domin a irin wannan gida ne giɓin tsarin ya fi fitowa fili. Ina magana ne a matsayin wanda ke riƙe da takardun gidan yayana, tsohon saje a rundunar sojan ƙasa, wanda bom ɗin da aka binne a hanya ya tashi da motarsu a jihar Borno a zamanin rundunar Lafiya Dole. Ya rasa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, ya yi jinya a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, daga bisani aka sallame shi daga aiki bisa shawarar likitoci. Yanzu yana zaune a Kubwa da matarsa da 'ya'ya shida, kuma zirga-zirgar asibiti da ofisoshi ta gidan tana wuyana.

Tushen tsarin shi ne inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka yi wa doka a 1999, ta fara aiki a 2005 da sunan NHIS, sannan a watan Mayun 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta mayar da ita hukumar NHIA. Hukumar ba ta hulɗa da marasa lafiya kai tsaye. Akwai kamfanonin da ke tsakani, su ne ke karɓar kuɗi daga gwamnati su biya asibitoci, kuma na ɓangaren soja shi ne DHML, wanda hedikwatarsa ke nan Abuja, yana kula da sojojin ƙasa da na sama da na ruwa, masu aiki da waɗanda suka yi ritaya. Gudummawar soja gwamnatin tarayya ce ke biya. Katin yana ɗaukar mai gida da mata ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Kowane iyali yana zaɓar asibiti guda a matsayin asibitinsa na farko, ko na bariki ko na gwamnati ko mai zaman kansa, muddin hukumar ta amince da shi. Ana biyan wannan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane suna da ke rajistarsa, ko mutumin ya zo ko bai zo ba, daga ciki ne kuma ake sa ran zai duba zazzaɓi, ya yi gwaje-gwajen yau da kullum, ya ba da magani. Idan ciwon ya fi ƙarfinsa sai ya rubuta takardar turawa zuwa wajen ƙwararru, a nemi lambar izini daga kamfanin, sannan a biya wancan aiki daban.

Rajistar kanta ba ta da wahala ga wanda takardunsa suka cika: takardar sallama daga aiki, shaidar fansho, hotuna, takardun haihuwar yara, shaidar aure da lambar NIN. Mutane da yawa suna haɗa wannan da aikin hukumar fanshon soja da ke Dutsen Alhaji, alhali ofisoshi ne daban, kuma samun fansho a asusu bai nuna cewa sunan iyali ya shiga jerin masu inshora ba. Abin da ya fi jawo wa mutanenmu tsaiko shi ne rubutun suna. Mace ɗaya za a same ta Hauwa'u a takardar aure, Hauwa a NIN, Kulu a tsohon katin asibitin bariki, kwamfuta kuwa ba ta san cewa duk mutum ɗaya ce ba. A daidaita wannan tun kafin a je.

Inda tsarin ya fi burge ni shi ne cututtukan da ke cinye kuɗin gida a hankali ba a ankara ba. Zazzaɓin cizon sauro da damina, mura da tarin yara lokacin hunturu, gudawa, awon hawan jinin yayana na wata-wata, duk waɗannan yanzu ana zuwa asibiti ne a kansu tun da wuri, maimakon a tsaya kemis a sayi rabin magani a jira a ga abin da hali zai yi. Wannan canji ba ƙarami ba ne a gidan da kuɗin shigarsa guda ɗaya ne, kuma mai kawo shi ba zai iya fita ya yi gadi ko acaɓa ya ƙara ba kamar yadda wasu abokan aikinsa da suka yi ritaya da ƙafafunsu suke yi.

Babban gwajin da katin ya ci a gidanmu shi ne haihuwar auta. Naƙuda ta yi tsawo, likita ya ce yaron ya juya kuma sai an yi tiyata. Ma'aikaciyar teburin inshora, wata dattijuwa mai tabarau, ta buɗe babban littafinta ta bi jerin sunaye da yatsa har ta tsaya a kan lambar aikin yayana, ta dubi matarsa ta ce, “Hajiya, kwantar da hankalinki, sunanki yana nan, ba za a nemi ki ajiye ko kwabo kafin a shiga da ke ba.” A kan bencin da muke zaune akwai wani magidanci da aka ce wa ya kawo kuɗin ajiya kafin a taɓa matarsa, yana ta kiran 'yan'uwa a waya ɗaya bayan ɗaya, muryarsa tana rawa. Mu kuwa abin da ya fita daga aljihunmu bai wuce kuɗin mota da abinci da 'yan kayan jariri ba. Duk wanda ya san abin da tiyatar haihuwa take ci a Abuja ya san cewa fanshon saje na watanni ne ya tsira a wannan dare, kuma saboda wannan kaɗai ba zan yarda wani ya ce mini tsarin na banza ne ba.

Matsalar da kowa ya fi kuka da ita tana tagar ɗakin magani. Asibitin da muka fara zaɓa, wani mai zaman kansa ne da muka ɗauka saboda kusancinsa da gida, ya saba da amsa guda: likita zai rubuta magani huɗu, a ba ka farasitamol da maganin ƙarin jini, sauran biyun masu tsada a ce babu, a je waje a saya. Wata rana ina tsaye aka ce mini maganin hawan jinin yayana ya ƙare, wanda ke bayana da takardar biyan kuɗi a hannu ya miƙa tasa, aka ɗauko masa irinsa daga kanta ɗaya. Na yi magana, mai ba da maganin ya ce, “Malam, wannan na masu biya ne, naku bai iso ba.” Wannan rashin adalci ne, kuma ya saɓa wa yarjejeniyar da asibitin ya sa wa hannu da kansa. Amma yana da kyau a san daga inda abin ya samo asali. Kuɗin da ake biyan asibiti a kan kowane mutum ya tsaya a naira 750 a wata sama da shekara goma, a daidai lokacin da farashin magani ya ninka ya sake ninkawa, musamman bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Sai a 2024 aka fara ƙara shi, sannan a watan Afrilun 2025 ya koma naira 1,450, aka kuma ɗaga farashin ayyukan ƙwararru sosai. Tun daga lokacin an ɗan samu sauƙi a tagar magani, ko da yake mai hawan jini da ciwon suga a haɗe yana shan abin da ya fi wannan kuɗi nesa ba kusa ba, lissafin asibiti kuwa ya dogara ne ga masu lafiyar da ba sa zuwa.

Ƙa'ida ta ba mai kati damar sauya asibitin farko bayan wata shida, mun kuma yi amfani da wannan dama. Abin da na lura da shi, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya nemi shawarata, shi ne cewa ingancin abin da iyali zai samu ya fi rataya ga asibitin da ya zaɓa fiye da komai. Asibitin da ke da masu inshora da yawa a rajistarsa yakan fi riƙe magani, domin kuɗin da ke shigo masa duk wata ya taru ya yi auki. Asibitocin soja na cikin bariki suna da wata fa'ida da ba a rubuta a takarda ba: ma'aikatansu sun san mene ne takardar sallama, sun saba ganin kututturen ƙafa, kuma tsohon saje yana jin an kira shi da muƙaminsa. Illarsu ga wanda ke zaune a Kubwa ko Zuba ko Mararaba ita ce nisa, domin kai mai ƙafa ɗaya Asokoro da safe cikin cunkoson motoci aiki ne na yini guda, kuma kuɗin motar yakan kusa cinye ribar maganin da aka je karɓa.

Batun lambar izini ma ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne ake ɓata wa marasa lafiya lokaci. A 2025 hukumar NHIA ta ba da umarnin cewa kamfanoni su bayar da lambar cikin awa ɗaya daga lokacin da asibiti ya nema, kuma mai buƙatar taimakon gaggawa a fara duba shi kafin a tsaya jiran lamba. Umarnin yana da kyau, sai dai awa ɗayan ba ta fara ƙirguwa sai asibiti ya tura buƙatar. A tsohon asibitinmu mun taɓa zama tun hantsi har bayan la'asar ana ce mana lamba ba ta fito ba, ashe ma'aikacin teburin ya fita ne bai tura komai ba. Saboda haka mai jinya ya tambaya kai tsaye ko an tura, da ƙarfe nawa aka tura, sannan ya riƙe lambar wayar kamfanin ya kira da kansa. Matar da ta zo ita kaɗai da yaro a goye, ba ta saba jayayya da ma'aikata ba, ita ce aka fi bari a kan benci, kuma mafi yawan masu kai yara asibiti a gidajen nakasassun sojoji irin waɗannan mata ne.

Duk abin da na ambata zuwa yanzu kowane ma'aikacin gwamnati mai inshora zai iya faɗinsa. Damuwata ta gaskiya tana wani wuri: an ɗinka wannan riga ne da awon ma'aikacin ofis mai cikakkiyar lafiya, sannan aka miƙa wa mutumin da yaƙi ya sauya wa jiki da gida. Jerin ayyukan da hukumar inshora ta fitar a 2012, wanda aka daɗe ana aiki da shi, ya ƙayyade kwanciyar asibiti zuwa kwana 21 a shekara, ya raba kuɗin manyan hotuna irin su CT da MRI biyu tsakanin mai kati da kamfani, ya tsayar da wankin ƙoda a zama shida, ya kuma taƙaita gaɓoɓin roba ga waɗanda ake ƙerawa a Najeriya. Ga mai lafiya waɗannan iyakoki ne da wataƙila ba zai taɓa isa gare su ba. Ga wanda aka yanke wa ƙafa kuwa, ƙafar roba ba abu ba ne da ake saya sau ɗaya a huta. Kututturen yana ramewa, kwandon da yake shiga ya yi masa yawa, fata ta goge ta zama gyambo, safar da ake sawa a ciki ta tsufa, bayan 'yan shekaru ita kanta ƙafar ta nemi sauyi. Ga gashin ƙashi na ƙugu da baya, saboda jiki yana karkata gefe guda. Ga kuma ciwon da ba a gani: yayana yakan farka cikin dare a firgice idan an buga ƙofa da ƙarfi, kuma daren sallah da yara ke fasa nokawut a layi ba ya runtsawa. Matarsa ce ke zaune da shi har asuba, ita ce ke ɗaga shi, ita ce ke wanke gyambon, yanzu ita ma ciwon baya ya kama ta. Jinyar nakasasshen soja tana taɓa lafiyar duk wanda ke gidan, kuma tsarin da aka ce na iyalinsa ne ya kamata ya yi lissafi da hakan.

Sai maganar adadi. Mata ɗaya da 'ya'ya huɗu ba shi ne siffar gidajen yawancin sojojinmu na arewa ba. Ƙa'idar inshora ta yarda a ƙara wasu da kuɗin mai gida, amma magidanci mai mata biyu da aka ce ya rubuta sunan ɗaya an jefa shi cikin abin da addininsa ya hana shi, wato fifita wata a kan wata, kuma uban 'ya'ya shida da aka ce ya zaɓi huɗu yana zaɓa ne da sanin cewa bai san wanda zai kwanta gobe ba. Iyakar shekara 18 ta fi wannan ciwo. Babbar 'yar yayana tana da sikila, tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma ranar da za ta cika 18 tana matsowa. Ciwonta ba zai ragu a ranar ba, ba ta da aiki, mahaifinta ba shi da hanyar ƙara samu. A ƙasar da matashi ke kaiwa shekara ashirin da 'yan kai yana jami'a, sannan ya yi hidimar ƙasa kafin ya fara neman aiki, ɗaukar mai shekara 18 a matsayin wanda ya tsaya da ƙafafunsa bai dace da rayuwar da muke gani ba.

Gidan da mai gidan ya rasu ya fi kowane shiga tsaka mai wuya, domin katin mata da yara reshe ne na lambar aikin miji, ba haƙƙi ne da aka rubuta da sunansu ba. A layin asibiti na sha zama kusa da matan da mazajensu suka kwanta dama a arewa maso gabas, kuma tambayarsu ɗaya ce kullum: har yaushe katin zai ci gaba da aiki, me zai faru idan sun bar bariki sun koma garinsu, me zai faru da yara idan uwar ta sake aure bayan takaba. Matar da ke cikin wata huɗu da kwana goma ba ta cikin halin bin ofisoshi, danginta kuma galibi hankalinsu yana kan garatuti da kuɗin inshorar rai, sai an kwana biyu yaro ya kwanta sannan a tuna da katin asibiti. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a kusa da Dandalin Eagle, a saki tantabaru, a sayar da tambarin tunawa da 'yan mazan jiya. A watan Maris na 2024, lokacin da aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a maƙabartar sojoji ta ƙasa, shugaba Bola Tinubu ya yi wa iyalansu alkawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu da biyan haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Wannan abin yabo ne. Fatana shi ne lafiyar irin waɗannan iyalai ta samu matsayi kamar haka, kuma ta zauna a cikin doka ga iyalin kowane kurtu da ya faɗi, ko an yi masa jana'izar ƙasa ko ba a yi ba.

Amurka tana da tsari na musamman a kan wannan, mai suna CHAMPVA, wanda aka kafa a 1973 a ƙarƙashin ma'aikatar kula da 'yan mazan jiya. An yi shi ne domin mata ko miji da 'ya'yan tsohon sojan da aikin soja ya nakasa gaba ɗaya nakasa ta dindindin, ko wanda irin wannan rauni ya yi ajalinsa, yayin da iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki galibi suke ƙarƙashin wani tsarin mai suna TRICARE. Ba kyauta ba ne ɗungurungum: iyali yana fara biyan dala 50 a kan mutum ɗaya ko dala 100 a kan gida a shekara, bayan haka gwamnati ta ɗauki kashi 75 cikin ɗari, amma abin da zai fita daga aljihun iyali ba ya wuce dala 3,000 a shekara komai girman jinyar. Yaro yana ciki har shekara 18, idan yana karatu har 23, wanda kuma wata lalura ta hana shi dogaro da kansa tun kafin ya kai 18 yana ci gaba da amfana. Arzikinmu ba ɗaya ba ne da nasu, ba kuma kowace ƙa'idarsu ce za ta dace da mu ba. A can matar da ta sake aure kafin shekara 55 tana rasa haƙƙinta, alhali a nan yawancin matan da ake bari 'yan shekara ashirin ne da talatin, kuma al'ada da addini suna ƙarfafa su su sake aure. Abin ɗauka a wajensu shi ne ginshiƙin tsarin: an ware iyalin nakasasshe da na mamaci a matsayin rukuni mai zaman kansa, da sunansa a doka, da sharuɗɗan da kowa zai iya karantawa ya san matsayinsa.

Dokar 2022 ta riga ta buɗe ƙofar yin haka a nan, tunda ta kafa asusun tallafa wa masu rauni, ta kuma ambaci nakasassu da tsofaffi da marasa galihu a cikinsu. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Tsaro da hukumar inshora da majalisa su zauna su fitar da rukuni na iyalan sojojin da suka nakasa ko suka rasu a dalilin aiki, a ba matar mamaci kati da sunanta, a bar 'ya'ya a ciki muddin suna karatu, a bar mai sikila ko wata lalura ta dindindin ba tare da iyakar shekaru ba, kada kuma sake auren uwa ya taɓa haƙƙin marayu. A saka sauyin ƙafar roba da gashin ƙashi da ganin likitan ƙwaƙwalwa a cikin jerin abubuwan da nakasasshen soja zai samu ba sai ya nemi alfarma ba. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa da ƙungiyoyin matan hafsoshi suna da bakin da ake ji a Abuja, kuma wannan buƙata ta fi rabon buhunan shinkafa na watan Janairu amfani ga gidajen da suke wakilta.

Kafin a kai ga haka, iyalin da ke da kati ya ajiye kwafin kowace takarda a wuri biyu, ya tabbata matar gida ta san lambar aikin mijinta da ka, ta kuma san teburin inshora na asibitinsu da ƙafarta tun mijin yana raye. Idan an ce magani babu, a nemi a rubuta hakan a jikin takardar likita, a riƙe rasit ɗin kemis, a kai ƙorafi ga kamfanin, idan ba a ji ba a wuce ofishin hukumar NHIA. Idan rasuwa ta auku, wani namiji daga dangi ya ɗauki takardar shaidar rasuwa da katunan yara ya je ofishin kamfanin tun matar tana takaba, ya nemi a rubuta masa matsayin kowane suna da ke kan katin da kuma ranar da zai daina aiki.